Ungozomomin Damagaram a Watannin Takunkumi: Yadda Wani Reshen Ƙungiya Ya Riƙe Mambobinsa

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu kuma Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin wanda ya karɓi ragamar mulki. Ranar 30 ga watan shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi mai tsanani: aka rufe iyakokin ƙasa da na sama, aka dakatar da hulɗar ciniki da ta kuɗi, aka riƙe dukiyar gwamnati da ke babban bankin yankin, aka kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. Wannan nazari ya tsaya ne a kan abin da ya gudana cikin reshen Damagaram na wata ƙungiyar ungozomomi daga waɗannan kwanaki zuwa watan Maris na 2024, da irin dabarun da reshen ya bi ya riƙe mambobinsa a lokacin da abubuwa da dama ke neman wargaza su. An sakaya sunan ƙungiyar da na mutanen da abin ya shafa.

Takunkumin bai faɗo wa Damagaram kamar yadda ya faɗo wa Yamai ba. Tsakanin birnin da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900, alhali Kano ba ta kai sulusin haka ba, saboda haka kasuwar Dole da shagunan Zango sun dogara sosai da kayan da ke shigowa ta Ɗan Barto da ta Magarya, wutar birnin kuma ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa take zuwa. Magungunan asibitoci kuwa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano yawancinsu suka saba sauka, su shigo ta Gaya, su isa Yamai kafin a rarraba su zuwa jihohi, ga shi manyan motoci sun yi cirko-cirko a Malanbil, garin Benin da ke bakin iyaka, babu hanyar wucewa. Duk wannan ya zo ne a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, rumbuna kuma sun yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Bugu da ƙari, tun tsakiyar Yuli aka fara samun cutar mashaƙo a yankin Matamai. Ungozoma dai ba ta da halin ajiye aikinta har al'amura su daidaita, domin naƙuda ba ta jiran a buɗe iyaka ko a maido da wuta.

Kafin rikicin, reshen ya fi kama da ƙungiyar ungozomomin cikin birni, duk da cewa sunan jiha baki ɗaya yake ɗauke da shi. Taro sau ɗaya ake yi a wata, a cikin gari, da Faransanci, kuma waɗanda ke magana a cikinsa su ne dai manyan ma'aikatan da gwamnati ta daɗe da ɗauka. Ƴan kwantiragi da ƴan sa-kai, waɗanda a asibitocin karkara da yawa su ne ke kwana da masu haihuwa, ba su da kujera a shugabanci, da yawansu ma ba su cikin kundin suna saboda ba su iya biyan kuɗin wata-wata. Mambobin da ke aiki a Tanut, Gure, Balbeji, Dungas ko Taskar sai su yi shekara ba su leƙo taro ba, ba kuma wanda ke tambayar dalili. A cikin ƙungiyar akwai Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, akwai Zabarmawan da aiki ya kawo daga Doso da Tilaberi, akwai kuma Kiristoci ƴan kaɗan. Kowa ya san da haka, amma ba a taɓa ɗaukar sa wani abu da ya shafi yadda ake tafiyar da reshen ba.

Matsalar farko a zauren WhatsApp na reshen ta kunno kai, tun kafin rashin wuta da na magani su yi tsanani. Siyasar waɗancan kwanaki ta taɓa Damagaram ta kowane ɓangare, domin shugaban da aka tsare ya taso ne a yankin Taskar, wanda ya daɗe yana wakilta a majalisar dokoki, shi kuma Ali Mahaman Lamine Zeine da sojoji suka naɗa firaminista a farkon Agusta haifaffen Damagaram ne. Ga kuma mambobin da iyayensu ko mazajensu ke Daura, Kano ko Maigatari, waɗanda maganar yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ke hana su barci. Cikin mako biyu zauren ya cika da hotuna da jita-jita da gugar zana. Wata ta tura saƙon da ya yi wa mutanen Najeriya kuɗin goro, wata ungozoma da mahaifiyarta ƴar Daura ce ta fice ba tare da ta ce uffan ba, wasu suka bi bayanta. Mambobin arewacin jihar kuwa ba su fita ba, sun dai yi gum. Magatakardar reshen ce ta fara lura cewa masu fita da masu shiru duk daga cikin waɗanda dama ba a cika jin muryarsu ba ne, ta kuma kai maganar gaban shugabar reshe, dattijuwar da ta koyar da da yawa daga cikinsu aiki, wadda ƙananan ke kira Inna.

Shawarar da shugabannin suka yanke ita ce zauren na aiki ne da na halin da mambobi ke ciki, duk saƙon da ya ambaci wata ƙabila, wani addini ko mutanen wata ƙasa da ɓatanci za a goge shi nan take. Abin da ya sa dokar ta zauna shi ne yadda aka zartar da ita. Ba a tsawata wa kowa a bainar jama'a ba. Shugabar da kanta take kiran mai saƙon, ta gaishe ta, ta tambayi yara da maigida, sannan ta shigo da maganar. Haka kuma ta bi waɗanda suka fita ɗaya bayan ɗaya, na cikin gari ta taka har gidajensu, tana cewa zumunta a ƙafa take. Wasu sun ɗauki matakin a matsayin toshe baki a lokacin da ƙasa ke cikin wani hali, kuma ƙorafin nasu ba na banza ba ne, domin ma'aikacin lafiya ɗan ƙasa ne mai ra'ayi kamar kowa. A ganina dai shugabannin sun yi daidai. Wuraren muhawarar siyasa sun yi yawa a waɗancan watanni, amma wurin da ungozoma za ta ce maganin tsayar da jini ya ƙare mata a ji ta cikin minti biyar guda ɗaya ne tak.

Da aka zo neman mambobi ne aka gane girman giɓin da ke akwai. Kundin sunan ya tsufa, lambobin waya da yawa sun daina shiga, wasu an canza musu wurin aiki tun shekaru biyu baya ba a rubuta ba. Sai aka raba jihar bisa hanyoyin mota: hanyar Tanut, hanyar Mirya zuwa Gure, hanyar Magarya da Dungas, da hanyar Takeita da Matamai. Kowace hanya aka ba ta mace ɗaya ko biyu daga cikin birni, aikinsu su kira kowace ungozoma da ke kan hanyar sau ɗaya a mako, ko tana biyan kuɗin ƙungiya ko ba ta biya, su tambaye ta lafiyarta, abin da ya ƙare mata da abin da take da rara. An yi ƙoƙarin haɗa mai kira da wadda ake kira bisa harshen gida, ta yadda Babarbariya ke kiran na yankin Gure, wadda ta iya Buzanci kuma ta ɗauki na Tanut da Balbeji.

Batun harshe yana buƙatar bayani, domin duk ungozomar da ta yi makaranta tana karanta Faransanci, kuma kusan kowa a jihar yana jin Hausa. Abin da ya hana ƙananan ma'aikata magana a da shi ne nauyin rubuta Faransanci a gaban manyansu, kada a ga kuskure a raina su. Da aka ce kowa ya yi saƙon murya da harshen da ya fi masa sauƙi, wata kuma ta taƙaita shi da Hausa idan da bukata, sai bakunan da suka shekara a rufe suka buɗe. Saƙon murya yana da wani amfanin kuma: ana iya kunna shi ga ungozomar gargajiya a ƙauye, ko ga matan da ke zaune a layin awo, ba sai an sake fassara ba. Bayani a kan alamomin mashaƙo da muhimmancin kai yara rigakafi ta wannan hanya ya riƙa yawo da Hausa da Barbarci da Fulatanci.

Lamarin da ya sauya matsayin mambobin karkara a idon na birni ya faru ne a kan allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, allurar kuma ana son a adana ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, in ba haka ba zafi yana rage mata ƙarfi a hankali ba tare da an ga alama a jikin kwalbar ba. A ƙananan ɗakunan haihuwa na cikin birni, inda firji ya dogara da wutar gari, sai a wuni a kwana babu wuta. Wata ungozoma da ke aiki a ɗaya daga cikinsu ta ba da labarin daren da ta karɓi haihuwa da fitilar salula a tsakanin haƙoranta, ƴar rakiya na yi wa mai naƙuda fifita da murfin kwali, ita kuma hankalinta yana kan allurar da ta ɗauko daga firjin da ya huce tun la'asar. Asibitocin karkara da yawa kuwa suna da firji mai aiki da hasken rana, wanda aka kafa musu saboda alluran rigakafi, don haka yanke wutar bai taɓa su ba. Wata ƴar kwantiragi a kan hanyar Tanut, wadda ba ta taɓa halartar taron reshen ba, ita ce ta faɗa a saƙon murya cewa firjinsu lafiya lau yake, kuma suna da allurar da ta fi ƙarfin haihuwar da suke karɓa, wa'adinta yana matsowa.

A nan shugabannin suka yi taka-tsantsan da ya cancanci a yaba. Ƙungiya ba ta da hurumin ɗaukar maganin gwamnati daga wannan asibiti ta kai wancan, kuma da sun yi hakan da kyakkyawar niyya, da sun jefa yarinyar cikin tuhuma. Abin da suka yi shi ne isar da labarin ga majo, wato ma'aikacin jinyar da ke shugabantar asibitin, da kuma likitan da ke shugabantar gundumar, aka rubuta takarda, aka saka allurar cikin akwatin sanyi, motar ɗaukar marasa lafiya da ta kawo wata mai doguwar naƙuda birni ta taho da ita. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowane mako masu kira suna haɗa jerin abin da ya ƙare da abin da ya yi rara, kama daga safar hannu da zaren ɗinki har zuwa maganin jijjigar masu ciki, magatakarda ta miƙa wa hukumomin lafiya. Reshen bai ƙara ko kwalba ɗaya a kan abin da jihar ke da shi ba, amma ya rage yawan lokutan da magani ke lalacewa a wani wuri alhali ana nemansa ido rufe a wani.

Muhawara mafi zafi a kan kuɗi aka yi ta. Bankuna sun taƙaita abin da mutum zai iya cira, ma'aikata na wuni a layi, farashin shinkafa da mai da sauran kayan masarufi ya haura. Ƴan kwantiragi, waɗanda ɗan abin da ake biyan su dama ya saba jinkiri, su suka fi jin jiki. Reshen yana da wani adashi na manyan mambobi da ake kwasa don biki ko suna, sai aka kawo shawarar a mayar da zubin watannin nan asusun agaji. Kowa ya yarda da wannan. Inda aka rabu shi ne wa zai amfana. Wasu suka ce dokar ƙungiya a fili take, wanda bai biya ba ba mamba ba ne, kuma in aka buɗe ƙofa yau gobe ba wanda zai ƙara biya. Wasu suka ce ai rashin abin biyan ne ya hana su, kuma babu ma'ana a ce wadda ta ceci ɗakunan haihuwar birni da allurarta ba ta cancanci tiyar gero daga asusun ba. An yi zama biyu ba a cimma matsaya ba. A na uku ma'ajiyar reshen, wadda da farko tana cikin masu adawa, ta kawo mafita: a rubuta duk mai aikin ungozoma a jihar a matsayin mamba, a yafe bashin baya, zubin gaba kuma ya zama gwargwadon abin da mutum ke samu. Aka amince.

An kuma yarda cewa ba za a bayyana sunan wadda aka taimaka wa ba. Mata biyu kaɗai ke sani, ɗaya daga manya, ɗaya daga ƴan kwantiragi, kuɗin kuma ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana ake tura shi, don kada mace ta zo ta tsaya a gaban ƙannenta tana karɓa. Wanda ya san yadda kunya ke hana mutumin kirki faɗin yunwarsa zai gane dalilin wannan tsari. Abin da aka fi kashe kuɗin a kai shi ne hatsi, kuɗin waya, da ƙananan fitilu masu cajin rana na ɗakunan haihuwa.

Wasu matakan ba su ci ko dala ba. Mambobi Kiristoci ba su manta da ranar 16 ga Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram, don haka duk wata hayaniya a gari tana tayar musu da hankali fiye da sauran. Shugabar ta ziyarce su, aka kuma daina sa taro da safiyar Lahadi kamar yadda ba a sa shi lokacin sallar Juma'a. Zabarmawan da ba su da dangi a gari aka rarraba su ga gidajen abokan aiki don cin abincin rana a ranakun hutu. Wata da rufe iyaka ya rutsa da ita a Kano wajen jinyar mahaifinta, abokan aikinta suka raba kwanakin aikinta na dare a tsakaninsu da sanin shugaban wurin, har ta samu ta dawo.

Ba komai ne ya tafi daidai ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Mambobin yankin Taskar, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke wuyar samu, sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsu ba, tsarin kiran waya bai yi musu amfanin a zo a gani ba, alhali su ne suka fi kowa nisa da taimako. Nauyin kiran ya faɗa a kan mata ƙalilan da ke fitowa daga aikin dare su hau waya, har wasu suka gaji suka saki ba tare da an samu masu maye gurbinsu ba. Asusun ya yi ƙasa tun kafin sanyi ya shigo, domin masu zubin su ma suna cikin matsi. Sirrin da aka yi don kare mutuncin masu karɓa ya haifar da zargi, tunda ba a iya baje lissafi dalla-dalla a gaban taro, har aka fara raɗe-raɗin son kai. Sai da aka naɗa wata dattijuwa mai ritaya ta duba takardun ta tabbatar wa taro cewa babu ɓatan ko sisi kafin ƙurar ta lafa. Ungozomomin gargajiya, waɗanda har yanzu su ne farkon waɗanda ake kira a ƙauyuka da yawa, an yi amfani da su wajen isar da saƙo amma ba a taɓa tunanin su ma suna da bukata ba. Wannan a ganina shi ne babban giɓin da reshen ya bari. Daga cikin waɗanda suka fice a makonnin farko kuma akwai waɗanda har yau ba su dawo ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, a cikin Maris wuta ta dawo daga Najeriya, ranar 22 ga watan kuma Nijar ta buɗe iyakarta da Najeriya. Da sauƙi ya samu kiran mako-mako ya ja baya, ya koma na wata-wata, a wasu hanyoyin ma ya tsaya cak. Amma kundin sunan da aka sabunta ya zauna, wakilan hanyoyi sun zama ɓangare na shugabanci, saƙon murya ya zama hanyar magana ta yau da kullum, taro kuma ana buɗe shi da Hausa ko da za a rubuta rahotonsa da Faransanci. An ga amfanin wannan a daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna a faɗin ƙasa har ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a farkon Satumba: cikin ƴan kwanaki wakilan hanyoyi suka tattaro sunayen mambobin da ɗakunansu suka faɗi, aka fara kai musu ɗauki ba tare da an sake muhawara a kan wanda ya cancanta ba.

Abin da ya rage a warware shi ne matsayin ƴan kwantiragi a dokance. Reshen ya ba su kujera a kwamitinsa, suna halartar zama suna faɗin ra'ayinsu, amma kundin tsarin ƙungiyar na ƙasa bai ba su ƙuri'a a zaɓen shugabanni ba, reshe kuma ba shi da ikon gyara shi. An rubuta wa uwar ƙungiya a Yamai takardar neman a duba wannan saɗara a babban taro mai zuwa, ɗauke da sa hannun manyan ma'aikata da na ƴan kwantiragi a shafi ɗaya, aka kuma zaɓi wakilai biyu da za su je su kare ta, ɗaya daga cikin birni, ɗaya daga hanyar Tanut.